Babi na Biyar: Mako Guda a Tsibiri, Idan Mutum Daga Daura Ya Fito

Ƙasar Daura ƙasar rijiya ce. Tarihinta ma a bakin rijiya aka ɗaure shi, ga Kusugu nan har yau ana jan ruwanta. Wanda ya tashi a Zango ko Baure ko Sandamu ya san ruwa a guga da tulu, ya san tafki da damina, in ya yi nisa ya ga madatsar Sabke ko ta Daberam. Ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, mai gishiri, mai tafiya ya dawo sau biyu a yini ba tare da an yi ruwan sama ba, wannan sai a talabijin, domin teku mafi kusa yana can Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota. To amma zamani ya kawo ma'aikaci da ɗan kasuwa da sabbin ma'aurata da ke tara 'yan kuɗi su ce suna son hutun mako guda a tsibiri, kuma yawancinsu hoton da suka gani a Instagram ne ya zaɓa musu wurin. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne, a tafiyar farko teku kaɗai ya ishi mutum baƙunta. Duk wani abu da za a iya sauƙaƙawa, wato salla da abinci da sutura da ciniki, a zaɓi inda yake da sauƙi, domin hankali ya samu sararin fuskantar abu ɗayan da ba a saba da shi ba. A kan wannan ma'auni, tsibirin da ya fi dacewa da Badauri shi ne Zanzibar, kuma a kan ma'aunin ne ya kamata a tsara watan tafiya da masauki da yadda za a raba kwanakin.

Zanzibar tarin tsibirai ne a tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya, manyansu biyu Unguja da Pemba. Unguja ne masu yawon buɗe ido ke nufi idan sun ce Zanzibar, kuma tsawonsa kamar kilomita 85 ne, wato bai wuce tafiyar Daura zuwa Katsina da wani abin kirki ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matafiyi. Kiran salla ne zai tashe shi da asuba, naman da ke kasuwar Darajani yankan Musulmi ne, matarsa za ta shiga gari da hijabinta ba wanda zai ɗaga ido, sallama kuma tana buɗe kowace ƙofa. Ko a wajen ciniki akwai rangwame, domin ƙirgen Swahili daga ashirin zuwa tamanin daga Larabci ya fito kamar namu, wanda ya ji ishirini ko hamsini ba ya buƙatar tafinta. Abincin ma ba ya tayar da hankali: shinkafa ce dafaffiya da ruwan kwakwa, ko dafa-duka mai kayan ƙamshi, da kifi, da rogo, da shayi mai citta. Kanumfarin da ake zubawa a kunun zaƙi da yaji a gidajenmu, a wannan yanki ake noma mai yawa, musamman a Pemba.

Za a ce ai akwai tsibiran da ba su da wahalar biza. Gaskiya ne. Kabo Berde tana cikin ECOWAS, ɗan Najeriya na shiga da fasfonsa, sai dai harshensu na Fotugal ne da wani gauraye nasa, mafi yawan mutanen Kirista ne, neman abincin da zuciya za ta natsu da shi aiki ne na kowace rana, hanyar jirgi kuma daga Kano zagaye ce. Maldib ƙasar Musulmi ce, ana buga biza a filin jirgi, amma tana can kudu da Indiya, tikitinta ya fi tsada, kuma tsarin manyan otal-otal ɗinta shi ne kowane otal da tsibirinsa, baƙo ba ya ganin kasuwa ko unguwa sai ma'aikata da 'yan uwansa baƙi. Wanda ya je can ya ga ruwa, bai ga mutane ba. Akwai kuma masu cewa a fara da gida, a je Legas ko Badagiri. Wannan shawara ba ta da laifi, kuma wanda ya samu hali ya fara taka ruwan gishiri a can zai ƙaru. Amma igiyar Atilantika a gaɓar Legas mai ƙarfi ce, ba ta wanda bai iya iyo ba ce, alhali gabashin Unguja yana da shingen duwatsun murjani a cikin teku da ke karya igiya tun kafin ta iso bakin yashi.

Suka mafi nauyi ba ta zaɓin tsibiri ba ce, ta tafiyar ce gaba ɗaya. A Daura idan mutum ya ce zai kashe kuɗin jirgi, tambayar farko ita ce ya sauke farali? Ta biyu, me ya hana shi Umara? Ta uku ba a faɗa a gabansa, ita ce ta 'yan uwa da ke jiran kuɗin makaranta da na asibiti. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, saboda haka duk abin da za a biya da dala ya ninka sau uku a aljihun mai albashin naira. Wannan suka tana da gaskiya, kuma ba a amsa ta da wayo. Wanda Hajji ya wajaba a kansa bai je ba, ko ake binsa bashi, ko gidansa ba hatsin shekara, wannan babi ba nasa ba ne tukuna. Amma wanda ya sauke waɗannan, babu dalilin da zai sa a ɗauki ganin ƙasa a matsayin almubazzaranci, a al'ummar da kakanninta suka taka da ƙafa zuwa Gwanja neman goro, suka ratsa Wadai da Darfur zuwa Makka, suka bar zango-zango daga Kumasi har Sudan. Kuɗin da ake zubarwa a wuni ɗaya na wani biki, tsakanin anko da ɗaukar hoto da hayar zaure, sau da yawa ya kai na wannan tafiya, ba a kuma ce da mai bikin komai. Almubazzarancin da ke cikin hutu yana shigowa ne ta rashin shiri, inda mutum zai biya kuɗin mako ya ci moriyar kwana biyu.

Rashin shirin kuwa daga zaɓin wata yake farawa, kuma nan ne kalandar Daura ke yaudarar mutum. Lokacin da Badauri ya fi ƙosawa ya gudu shi ne bazara, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, dare ma ba a barci sai a tsakar gida. To wannan daidai shi ne babbar damunar Zanzibar, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu. Zanzibar tana kudu da tsakiyar duniya, mu muna arewa, kuma ruwan da take samu a shekara ya ninka na Daura fiye da sau biyu. A cikin masika ana iya wuni ana tsuga ruwa, teku ya yi duhu, jiragen ruwa ƙanana su ƙi fita, wasu otal-otal ma su rufe su yi gyara. Farashi yana faɗuwa, shi ya sa dillalan tafiya ke tallan rahusa a wannan lokaci, kuma rahusar gaskiya ce, sai dai abin da aka je gani ne babu. Lokaci mafi daɗi shi ne Yuni zuwa Oktoba, rani mai iska da sanyi-sanyi, wanda ya yi daidai da damunarmu. Malamin makaranta da ma'aikacin ofis za su iya amfani da dogon hutun Agusta, amma mai gona ba ya barin noma da zuba taki ya tafi kallon ruwa. Shi nasa lokacin Janairu ne da Fabrairu, an gama kaka, an sayar da gyaɗa da riɗi da wake, hunturu ya rufe Daura da hazo, can kuma ƙaramar damunarsu ta Nuwamba zuwa Disamba ta wuce, sama ta washe. Da zafi da gumi a lokacin, amma teku yana da haske. A kauce wa makonni biyun Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da Turawa ke cika ko'ina farashi ya yi sama. A kuma duba kalandar Musulunci: da azumi gidajen abincin 'yan gari a rufe suke da rana, kuma babu Badaurin da zai so a yi hawan Salla ko Sallar Gani ba ya gari.

Daga wata sai takardu, kuma su ne ke yanke ranar da za a fara shiri. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Wanda ba shi da shi ya tafi ofishin shige da fice a Katsina tun da wuri, ya san kuma daga Satumbar 2025 kuɗin ƙaramin fasfo na shekara biyar ya koma naira 100,000. Babban abin da mutane ba su sani ba shi ne Najeriya da Nijar suna cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta buga wa biza a filin jirgi. Dole a cika takarda ta intanet, a jira hukumar shige da ficensu ta bincika ta amince, jiran kuma yana iya kai wa wata biyu. Kuɗin bizar dala 50 ne. Wanda ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito ya sa dukiyarsa a caca. Bayan haka, tun daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshorarta, ko da yana da wata daga gida. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda jami'an lafiya na filayen jirgi ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka alhazai da yawa suna da katin a cikin akwati ba su sani ba. Idan aka haɗa waɗannan duka, shirin mako guda wata uku yake ci.

Makon kansa kuma ba kwana bakwai ba ne. Babu jirgin da ke tashi daga Kano ya sauka Zanzibar kai tsaye. Hanya mafi sauƙi ita ce mota daga Daura ta Kazaure zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, jirgin Habasha zuwa Adis Ababa kusan awa biyar, jira, sannan wani jirgin kamar awa uku zuwa filin Abeid Amani Karume. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Ranar farko ta tafi a hanya, ta ƙarshe ma haka, saura biyar, kuma ta farkon biyar ɗin gajiya ce. Wanda ya gane wannan ba zai yarda da takardar dillali mai cewa Litinin gonar kayan ƙamshi, Talata tsibiri kaza, Laraba ƙetarawa Darussalam, Alhamis gandun namun daji ba. Kwana biyar ba su ɗaukar masauki fiye da biyu: dare biyu a tsohon birni, sauran a bakin teku, wuri ɗaya, ba a sake ɗaure kaya ba.

A fara da birnin, domin shi ne sassauci kafin teku. Tsohon birnin Zanzibar, wanda 'yan gari ke kira Mji Mkongwe, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a shekara ta 2000. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, gidajen dutsen murjani masu hawa biyu da uku, da ƙyamaren katako masu sassaƙa. Wanda ya san unguwannin da ke kewaye da fadar Sarkin Daura zai karanta wurin da sauri, domin tsarin sarauta da kasuwa da masallaci ne. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840, arzikin garin kuma a kan kanumfari da hauren giwa da bayi aka gina shi. An rufe kasuwar bayi a 1873, aka gina cocin Angilika a kan filinta, kuma wurin ya cancanci awa biyu na mutumin da ƙasarsa ma ta san wannan ciniki, ta kuma fi son a yi shiru a kansa. A ranar 27 ga Agustan 1896 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta, cikin ƙasa da awa guda aka gama, shekara bakwai kafin Kano ta faɗi a 1903. A 12 ga Janairun 1964 aka yi juyin juya halin da ya kawar da sarautar da zubar da jini mai yawa, a Afrilun shekarar aka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Da magariba a je lambun Forodhani a bakin ruwa, inda ake gasa kifi da jatan lande da ƙaguwa. Mazhabar Malikiyya ta halatta abin da ke cikin teku, amma cikin da bai saba ba yana da nasa hukuncin, don haka a ɗanɗana kaɗan, a zaɓi wanda aka gasa a gaban ido. Daga nan kwalekwale mai inji yana kai mutum tsibirin Changuu cikin kamar rabin awa, inda ake kiwon manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel a 1919. Wannan gajeriyar tafiya ita ce gwajin farko na ko mutum yana jure ruwa.

Zaɓin bakin teku shi ne inda sanin wata ke yi wa Bahaushe rana. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti hamsin, kuma cikar da janyewar sun fi tsanani a farkon wata da kuma daren sha huɗu da sha biyar. Mutumin da ya saba lissafin tsayuwar wata ba ya buƙatar wanda zai koya masa wannan, sai dai a gaya masa cewa ruwa ma da wata yake aiki. A gabashin tsibirin, su Paje da Jambiani, idan ruwa ya janye yana iya yin nisan kilomita guda ko fiye, ya bar fili fetal inda mata ke shiga da zanensu suna noman ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a can tun ƙarshen shekarun 1980. Bature mai son iyo yana jin haushin wannan, ya gwammace Nungwi da Kendwa a arewa, inda ruwa ba ya gudu sosai. Ga wanda bai iya iyo ba kuwa, gabas ce ta fi, domin zai yi tafiya cikin ruwa iya idon sawu ko gwiwa, ya ga ƙananan kifaye da murjani ba tare da ya sa ransa a hatsari ba. Sharaɗi biyu ne kawai. Ya sa takalmin roba, saboda akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke kwance tsakanin duwatsu. Ya kuma tambayi lokacin dawowar ruwa kafin ya fita, ya juyo tun da sauran awa guda, don ruwan yana dawowa ta ramuka da kwari ya yanke hanya ta bayan mutum. Wajen tambayar a yi hattara: Waswahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗayansu, saboda haka duk lokacin da direba ko mai jirgi ya faɗa a tabbatar da shi a fuskar agogo. Hanyar Paje kuma ta dajin Jozani take bi, inda jan birin da babu irinsa a ko'ina sai tsibiran nan yake, a tsaya awa guda a wuce, ba sai an ware masa yini ba.

Maganar jirgin ruwa ba ta buƙatar dogon bayani ga mutanen masarautar da kwalekwale ya kife da yara a ƙaramar hukumar Mai'aduwa cikin bukukuwan ƙaramar Salla ta 2022. Zanzibar ma ta ga nata: a Satumbar 2011 wani jirgin fasinja da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka rasu, a Yulin 2012 wani ya sake nutsewa a hanyar Darussalam. Duk jirgin da ba shi da rigar ceto ga kowane fasinja, a sauka, ko an riga an biya. A sa rigar tun kafin a tashi, ko da matuƙin yana dariya.

Saura suka guda da dattawa ke yi, cewa bakin teku wurin tsiraici ne da giya. A wasu wuraren haka ne, kuma ɓoye wannan yaudara ce. Manyan otal-otal na Turawa suna sayar da giya, Kendwa kuma ta yi suna da casun daren cikar wata. Amma ƙauyukan gabas ƙauyukan masunta ne Musulmi, da masallatansu da makarantun allo, kuma hukumomin tsibirin da kansu suna matsa wa baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa idan sun shiga gari. Maganin shi ne ƙaramin masauki na ɗan gari, a kuma yi tambaya uku a rubuce kafin a biya: ko kicin ɗin na halal ne, ko akwai gidan rawa a kusa, da nisan masallaci. Mutanen can yawancinsu Shafi'iyya ne, akwai kuma Ibadiyya da suka zo daga Oman, don haka za a ga 'yan bambance-bambance a salla da ba su hana bin liman. Abin da ya fi rikita baƙo shi ne alƙibla. A Daura gabas ake fuskanta, har kalmar ta zama ɗaya da alƙibla a bakinmu, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, don haka arewa ake kallo. Wanda zai yi ƙasaru kuma ya tuna cewa a Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya tana yanke ta, ya tambayi malaminsa tun yana gida.

A wajen kuɗi, tikitin jirgi ne ke cinye kaso mafi girma, kuma shi ne ba a iya ragewa sai ta saye da wuri. Abin da ake iya ragewa shi ne otal, kuma nan ne sabon matafiyi ke yin ɓarna, ya biya ɗaki mai tsada da abinci sau uku a ciki, sannan ya ji ba zai iya fita ba don kada kuɗinsa su tafi a banza. Ɗaki mai tsabta da gidan sauro da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da karin kumallo ya wadatar. A riƙe dala sababbi, domin masu canji suna ƙin tsofaffin bugu, a canza su zuwa shilin ɗin Tanzaniya a cikin birni, kada a dogara da katin naira kaɗai, kada kuma a cusa leda a kaya, don Tanzaniya ta haramta ta tun Yunin 2019. A ware kashi ɗaya cikin biyar na guzuri a ɓoye saboda jirgin da zai iya jinkiri, a ware na tsaraba daban tun daga gida, domin wanda ya dawo Daura daga ƙasar kanumfari hannu rabbana zai sha tambaya. Dillalin tafiya yana da amfani wajen tikiti, amma biza da inshora mutum ya cika da kansa a shafukan gwamnatin, ko ya zauna kusa da mai cikawa ya karɓi lambar rasit a hannunsa. Wanda ke son tafiya a Janairu, ya shigar da takardar bizarsa tun Oktoba, kada kuma ya biya kuɗin jirgi sai ta fito.